Me Ya Sa Ake Ƙera Mutum-mutumi Mai Siffar Ɗan Adam?

A da, idan aka ce mutum-mutumi, abin da ke faɗo wa Bahaushe a rai shi ne sandar da aka rataya wa tsumma a gona don korar tsuntsaye. Yau sunan ya koma kan na'urar da ke tafiya da ƙafa biyu, ta ɗauki kaya da hannu, har ta amsa magana. Amma ai masana'antu cike suke da injunan walda da fenti waɗanda ba kai ba ƙafa, kuma aikinsu ba shi da makusa. To, mene ne na wahalar kwaikwayon surar mutum?

Amsar tana cikin gine-ginenmu. Matakalar bene daidai takun mutum aka yi ta, mariƙin ƙofa daidai tafin hannunsa, haka sitiyarin mota. Na'urar da za ta maye gurbinsa a irin waɗannan wurare sai ta ari jikinsa.

An ga haka a watan Maris na 2011, lokacin da girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka lalata tashar nukiliya ta Fukushima a Japan. Tururi mai guba ya hana ma'aikata shiga wasu sassan, injunan da ake da su kuma ba su iya yawancin ayyukan hannu ba. Wannan ya sa DARPA, hukumar binciken fasahar soji ta Amurka, ta shirya gasar da aka kammala a 2015. An ce kowane mutum-mutumi ya tuƙa mota, ya buɗe ƙofa, ya murɗa kan bututu, ya huda bango, ya hau matakala. 'Yan kallo sun sha dariya: wani mutum-mutumin ya miƙa hannu zai kama ƙofa, sai ga shi rigingine a ƙasa, injiniyoyi na rugawa ɗauko shi. Wanda ya lashe dala miliyan 2, ƙirar jami'ar KAIST ta Koriya ta Kudu, tayoyi ne a gwiwoyinsa. Yakan durƙusa ya gangara don gudun faɗuwa, kuma sai da ya shafe minti 44 kafin ya kammala ayyukan.

Dalili na biyu shi ne tsufa. A Japan kusan mutum 3 cikin 10 sun kai shekara 65, masu kula da su kuma sun yi ƙaranci. A can ne Jami'ar Waseda ta ƙera WABOT-1 a 1973, kamfanin Honda ya fito da ASIMO a 2000. ASIMO ya yi gudu, ya hau bene, ya gaisa da shugabanni, amma aka jingine shi a 2022 bai zama ɗan aikin gidan kowa ba.

Duk da haka wahalar ba ta faɗi ƙasa banza ba. Nazarin yadda mutum ke tafiya bai kife ba yana taimaka wa masu ƙera ƙafar roba da na'urorin tallafa wa shanyayyu.

Saboda haka, mai karatu, in ka ga bidiyon mutum-mutumi yana tiƙar rawa a wayarka, kada ya ruɗe ka. Tambayi wane aiki yake iya gamawa ba tare da wani ya riƙe masa linzami ba. Kama da wane ba wane ba ne.