Albashin Maigida: Su Wa Suka Yi Gwagwarmayar Samo Shi?

Duk matar malamin firamare a Wurno, ko ta ma'aikacin asibiti a Goronyo, ko ta akawun sakatariya a Rabah, ta san yadda gida ke zama idan wata ya ƙare albashi bai shigo ba. Buhun shinkafa ya ƙare, mai kanti ya fara aiko yaro, maigida kuma sai ɓacin rai. Sau da yawa mukan ji an ce ƙungiya ta shiga yajin aiki, mu yi tsaki. To, 'yar'uwa, yau bari mu duba inda abin ya samo asali.

Ƙungiyar ma'aikata ta farko a Nijeriya ita ce ta ma'aikatan gwamnati, wadda aka kafa a 1912. Ta malaman makaranta, wato NUT, ta biyo baya a 1931. A shekarar ce kuma ɗan Rabah, Ahmadu Bello, ya fara koyarwa a Midil ta Sakkwato, kafin a naɗa shi hakimin Rabah a 1934. Ashe Sardauna ma ya san jiran albashin malanta.

Turawan mulkin mallaka ba su yi wa ƙungiyoyin doka ba sai a 1938. Da yaƙin duniya na biyu ya jawo tsadar kaya, ma'aikata suka nemi ƙarin kuɗi aka hana su, sai suka ajiye aiki a Yunin 1945 ƙarƙashin Michael Imoudu na jirgin ƙasa. Sama da kwana 40 aka yi, daga baya gwamnati ta yi ƙarin. A ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu. Ki tuna kowannensu yana da iyali a gida.

A Arewa kuwa, Malam Aminu Kano ne ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, don neman albashi mai kyau da mutunci ga malami. Ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru, a lardin Sakkwato na lokacin, kafin ya ajiye aiki a 1950.

An kafa NLC a 1978, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko. Bayan yajin aikin 1981 aka sa mafi ƙarancin albashi a kan N125. Ya kai N18,000 a 2011, N30,000 a 2019, sannan N70,000 a 2024. Babu ɗaya da aka samu a ruwan sanyi.

Mu mata ma muna da namu rabon. Dokar ƙwadago ta ba mace mai aiki hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Idan ta yi wata shida tana aikin, dole a biya ta aƙalla rabin albashi a lokacin hutun. Mai shayarwa kuma tana da rabin awa sau biyu a rana don ba jariri nono. Ko kin sani?

Amma fa akwai waɗanda ba su da ƙungiya. Matan da ke sussukar shinkafa a fadamar Wurno, da masu ƙwadago a gonakin albasa na bakin madatsar Goronyo, da masu surfe da wankau, babu mai yi musu yajin aiki. Haka yarinyar da ke miki shara da wanke-wanke. A nan, uwargida, ke ce gwamnatin. Addininmu ya yi kashedi mai tsanani a kan tauye haƙƙin wanda aka sa aiki. Ki yanke mata lada a fili tun farko, ki biya a kan lokaci, ki ba ta hutu, kada ki raba ta da karatu.

Idan ke ma'aikaciya ce, ki riƙa zuwa taron ƙungiyarku, ki tambayi inda kuɗin da ake cira a albashinki ke tafiya. Idan maigida ne, ki ƙarfafa masa gwiwa. Allah Ya sa wa abin da muke samu albarka, amin.