KIRAN ƁARAWON KAJI DA MURYA: YADDA AKE FITO DA INYAWARA DAGA KOGON ITACE

Manoma 'yan'uwa, da matan gida masu kiwon kaji da zabi a ƙasar Jega, Aliero da Maiyama, wannan takarda taku ce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Kowace damina, da zarar ciyawa ta rufe bayan gida, gero ya yi tsawo, sai kuka ya yi yawa a garuruwanmu. Uwar gida ta kwana da 'yan tsaki 12, gari ya waye ta ƙirga 9. Wannan ba ƙaramar hasara ba ce, domin kaza ita ce asusun talaka. Da ita ake sayen magani, da ita ake sayen littafin yaro, ita ce kuma ake ɗauka a kai kasuwar Jega in wata lalura ta taso. A nan za mu yi bayanin wata dabara ta kama dabbar da ta saba da ɗaukar kaji, watau kiranta da murya ta hanyar wayar hannu da 'yar lasifika.

1. KA FARA SANIN ƁARAWON

Kafin ka ɗana tarko, tilas ne ka san wanda kake nema. Da yamma ka share ƙasar da ke kewaye da akurki, ka barbaɗa toka ko rairayi mai laushi. Da safe ka duba sawu.

(a) Shirwa da shaho da rana suke zuwa, daga sama. Ba su bar maka sawu.

(b) Tunku yakan biyo ciyawa ko gindin danga. A sawunsa za ka ga alamar farce.

(c) Dila yakan ɗauke kaza sukutum ya tafi da ita. Sawunsa kamar na ƙaramin kare yake.

(d) Ɓera da gafiya ƙwai suke sha, su ci hatsin kaji. Manyan ɓeraye kan kashe ƙananan tsaki.

(e) Inyawara da dare take aiki. Takan ciji kaza a wuya ko a kai, wani lokaci ta kashe fiye da abin da za ta ci. Sawunta ƙarami ne, zagayayye, kamar na kyanwa.

In kuwa sawun takalmi ka gani, to wannan ɓarawon mai ƙafa biyu ne, maganarsa tana wurin mai unguwa. In kuma kaji suna mutuwa ba rauni a jikinsu, musamman da hunturu, cuta ce, sai a nemi malamin dabbobi.

2. WACE CE INYAWARA?

Dabba ce siririya mai kama da kyanwa, amma bakinta ya fi tsini, ƙafafunta kuma gajeru. Jikinta da ɗige-ɗigen baƙi, wutsiyarta doguwa mai zobe-zobe. Daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya takan kai ƙafa 3, nauyinta kuwa bai cika wuce kilo 2 ba. Gwanar hawan itace ce. Da rana takan kwanta a kogon kuka, ko na tsamiya, ko kanya, ko cikin rufin kangon ɗaki. In duhu ya shiga sai ta sauko neman abinci. Duk kafar da kanta ya shiga, jikinta ma zai shiga. Shi ya sa akurkin da ka ɗauka a rufe yake, a wurinta a buɗe yake.

Wahalar kama ta ita ce, tana can cikin kogo inda kare ba ya kai wa. Nan ne wasu ke cinna wa itacen wuta ko su sare shi. Wannan ɓarna ce. Kukar da ta girmi kakanka, wadda ke ba ka miya da inuwa, bai kamata ta tafi saboda kaza 3 ba.

3. INDA DABARAR TA FITO

Yaudarar naman daji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni maharba kan ɗaura kan burtu a goshi, su duƙa suna tafiya irin ta tsuntsun, har su matso kusa da nama bai ankara ba. Wasu kuma sukan kwaikwayi kukan dabba da baki. Abin da ya ƙaru yau shi ne na'ura.

A Amurka akwai wata dabba da suke kira rakun. Tana da baƙin zane a fuska da wutsiya mai zobe-zobe, tana kwana a kogon itace, tana ɓarnar ɗanyar masara da kankana da kaji. Mafarautan can kan ajiye na'ura mai batir kusa da itacen da suke zargi, su kunna muryar rakun biyu suna faɗa, ko kukan ɗan rakun da ya shiga wahala. Wanda ke cikin kogo sai ya leƙo, sau da yawa har ya sauko ya ga abin da ake ciki. A Afirka ta Kudu ma masu kiwon tumaki kan kira dila da dare da irin wannan na'ura.

Dalilin da ya sa abin ke aiki mai sauƙi ne. Dabba mai farauta da dare ta dogara ƙwarai da kunnenta. In ta ji kukan ɗan tsakon da ya rabu da uwarsa, ko tsuwwar ɓera, abin da ta ji shi ne abinci a sauƙaƙe. Rakun muryar ɗan'uwansa ke fito da shi. Inyawara kuwa muryar abincinta ce za mu yi amfani da ita.

4. KAYAN AIKI

(a) Wayar hannu mai ɗaukar murya.

(b) 'Yar lasifika mai caji, ko ƙaramin rediyo mai cin memori, irin wanda ake sayarwa a kasuwa. Lasifikar da ke haɗuwa da waya ba tare da igiya ba, ba ta cika wuce yadi 10 tana kamawa ba. Mai memori ta fi, domin za ka kunna ka yi nesa.

(c) Tarko irin na keji, mai ƙofar da ke faɗowa. Mai walda zai iya yi maka. Tsawonsa ƙafa 3, faɗi ƙafa 1, tsayi ƙafa 1. A bayansa a raba wani ɗan ɗaki da waya, inda za a sa lasifika.

(d) Abin ɗanawa: kan kaza, ko kayan ciki, ko busasshen kifi.

(e) Tocila, da jan ƙyalle da za a ɗaure a bakinta don rage haske.

(f) Buhu, da sanda doguwa.

5. ƊAUKAR MURYA

Da yamma ka ɗauki ɗan tsako ɗaya ka shiga ɗaki da shi, inda ba hayaniya. Da ya ga ba uwarsa zai fara kuka da kansa. Ba sai ka matse shi ko ka wahalar da shi ba. Ka ɗauki minti 1 ko 2, ka mayar da shi wurin uwarsa. Ka saurari abin da ka ɗauka. In akwai maganar mutum, ko ƙarar babur, ko kukan jaki a ciki, ka goge ka sake. Dabba ta san muryar mutum sarai.

In da hali, ka sake ɗaukar wata muryar mai shiru a tsakani: kuka na minti 1, shiru na minti 3 ko 4, a sake kuka. Sai a tura a memori. Wanda ba shi da waya ya sa leɓe a bayan hannunsa ya tsotsa, zai fitar da sauti mai kama da tsuwwar ɓera. Tsoffin maharba sun san wannan.

6. YADDA AKE YI

Na ɗaya. Da rana ka nemo makwancinta. Ka bi sawu daga akurki, ka duba itatuwa masu kogo. Alamun su ne gashin kaza a gindin itace, da kartar farce a ɓawo, da kashi da aka tara wuri ɗaya, domin inyawara ta saba komawa wuri guda ta yi kashi.

Na biyu. Ka ajiye tarkon taku 15 zuwa 20 daga itacen, ka tokare ƙofar a buɗe, ka sa abinci a ciki dare 2 ba tare da ka ɗana ba. Ka rufe samansa da ciyawa. In ka ga ana cin abincin, ta saki jiki ke nan.

Na uku. A dare na uku, tsakanin magariba da lisha, ko kuma kafin asuba, ka ɗana. Ka sa lasifika a ɗakinta na baya.

Na huɗu. Ka duba iska. Ka ɗebi ƙasa ka saki, ka ga inda ta nufa. Ka zauna inda iska za ta taso daga itacen zuwa gare ka. In ta kwashi warinka ta kai mata, aikin daren ya lalace.

Na biyar. Ka fara da murya ƙasa-ƙasa. Ɗan tsako ba ya kuka kamar lasifikar biki. In minti 10 ya wuce ba motsi, ka ɗan ƙara kaɗan.

Na shida. Ka yi shiru. Ba taba, ba hira, ba hasken waya. In wayar ce a hannunka, ka rufe layinta don kada a kira ka. Jefi-jefi ka haska itacen da tocila mai jan ƙyalle. In ta leƙo za ka ga idanu biyu suna ƙyalli. Ka kashe wuta, ka jira ƙarar ƙofa.

Na bakwai. In rabin awa ya wuce ba kome, ka kashe murya ka bar tarkon a ɗane, ka dawo da sassafe. Kada ka bar dabba a keji rana ta buge ta.

7. KURAKURAI

Kada ka kunna wannan murya a cikin gida ko kusa da akurki. Ni da kaina na ga wanda ya yi haka a wani ƙauye. Ya bar lasifika tana kuka a bayan akurki har gari ya waye, wai yana jiran ɓarawo ɗaya. Sai ya zama ya yi wa duk na dajin shela, muzurun maƙwabta ma bai bari an ba shi labari ba.

Kada ka maimaita murya ɗaya kowane dare a wuri ɗaya. Dabbar da ta zo ta ji warin mutum ta tsere, ta yi karatu, da wuya ta sake zuwa. Ka huta mako guda, ka canza muryar.

Dare mai iska da ruwan sama ba na wannan aiki ba ne, sauti ba ya tafiya.

Masu shinkafa a fadamar Gulbin Zamfara kan tambaye mu ko muryar shaho za ta kori jan baki. Takan firgita su da fari, amma cikin 'yan kwanaki sukan saba. Ba za ta maye gurbin mai tsaro da gwangwani da igiya ba.

8. HATTARA

Lafiyarka: kada ka sa hannu cikin kogo, maciji da kunama da zuma duk can suke. Kada ka taɓa dabbar da hannu, ka rufe kejin da buhu. Naman daji na iya ɗauke da ciwon haukan kare. In an cije ka ko an yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ka tafi asibiti a ranar. Kada ka jira ka ga yadda za ta kasance.

Tsaro: fita da dare a wannan zamani sai da lura. Ka sanar da mai gari da 'yan sintiri kafin ka fita, ku tafi ku biyu, kada ku yi nisa da gari. Wannan aiki ba ya bukatar bindiga. Harbi cikin duhu kan abin da ido bai tantance ba ya jawo wa mutane da yawa nadama.

Doka: tun 1963 aka yi dokar namun daji a Jihar Arewa, a 1985 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa. Ba a farauta a gandun daji na gwamnati sai da izni. In ka kama dabba, ka nemi shawarar malamin daji ko Sarkin Baka na garinku.

9. KADA A ƘARAR DA SU

Yawancin abincin inyawara ɓeraye ne da ƙadangaru da ƙwari. Tunku ma haka, har da maciji. Manomin Aliero da ke da rumbun hatsi da rumfar albasa ya san abin da ɓera ke yi. Ɓeran gida da gona shi ne kuma ke yaɗa zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. In ka share masu cin ɓera daga yankinka, ɓera ka yi wa aiki. Saboda haka wannan dabara ta dabba ɗaya ce, wadda ta riga ta koyi hanyar akurkinka. In ka kama ta, abin da ya fi shi ne a kai ta daji mai nisa da gari a sake ta. In kuwa ka ga alamar tana shayarwa, akwai 'ya'ya a kogon, ka sake ta nan take, ka koma ka gyara akurki.

10. GYARAN AKURKI SHI NE BABBAN MAGANI

In ka kama ɗaya ka bar kafa a buɗe, wata za ta zo. Rigakafi ya fi magani.

(a) Ka toshe kowace kafa da laka. Tagar shan iska a sa mata waya mai ƙananan idanu, kada su wuce rabin inci.

(b) Ƙofa ta zama ta katako ko kwano mai sakata. Tsohon faifai da dutse ba ƙofa ba ne.

(c) A rufe kaji da magariba kullum. A ba yaro ɗaya wannan aiki.

(d) Kada a bar kaji da zabi su kwana a kan itace. A riƙa ba su ɗan tsaki da dusa a bakin akurki da yamma, za su saba shiga.

(e) A nome ciyawa, a kwashe tarin kara da itace daga kusa da akurki. A sare reshen da ya sauko kan rufinsa.

(f) 'Yan tsaki da 'yan zabi su zauna a killace har su yi mako 6 zuwa 8.

Don ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinku, ko ka je sashen aikin gona na ƙaramar hukumarku a Jega, Aliero ko Maiyama. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana dukiyarmu. Amin.