Daga Zaure Zuwa Jami'a: Matsayin Ɗalibin Larabci a Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba halin da ɗalibin Larabci da al'adun Musulunci yakan sami kansa a ciki idan ya taso daga zauren malaminsa ya shiga jami'a neman digirin farko. Mun ɗauki misali da Ƙofar Mazugal da unguwannin da ke tsakanin Dala da Kasuwar Kurmi, domin a wannan sashe na birni karatun zaure ya daɗe da kafuwa. Ra'ayinmu shi ne, kowace daga cikin hanyoyin nan biyu tana riƙe da abin da ɗayar ta rasa.

2.0 Karatun Zaure

Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun iso da ilmin addini a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), kuma unguwar Madabo ta shahara da karatun fiƙihu tun da daɗewa. A ƙarni na 20 Malam Muhammadu Salga da almajiransa, irin su Malam Atiku Sanka da Malam Tijjani Usman Zangon Barebari da Malam Sani Kafanga, suka ƙara raya wannan sunna.

Tsarin karatun sananne ne. Ɗalibi yakan zauna gaban malami yana jan baƙi, malami yana fassara masa kalma bayan kalma da Hausa, kuma ba ya barin littafi sai ya sauke shi. A fiƙihu yakan faro daga Ahalari da Ishmawi, ya bi ta Iziyya da Risala da Askari, har ya kai Muhtasar. A nahawu yakan tashi daga Ajuruma ya dire a Alfiyya. A lugga kuwa akwai Ishiriniya da Muƙama da waƙoƙin Jahiliyya. Babu jarrabawa, babu ƙayyadaddun shekaru. Shaidarsa ita ce iznin malami. Wanda ya bi wannan hanya yakan iya warware matani mai tsauri, amma sau da yawa rubuta wasiƙa da Larabci ko zance da Balarabe yakan yi masa nauyi.

3.0 Karatun Jami'a

Gadar da ta haɗa zaure da jami'a a Kano ita ce Makarantar Shari'a da aka buɗe a 1934, aka ɗauko mata malamai daga Sudan. A 1947 aka sake mata suna zuwa Makarantar Nazarin Larabci. A cikinta ne aka kafa Kwalejin Ahmadu Bello a 1960, wadda ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962 ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sa'an nan ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Watau dai, jami'ar Kano daga karatun Larabci ta tsiro.

A jami'a fanni ake koyarwa, ba littafi ba. Cikin shekara huɗu ɗalibi zai ratsa nahawu da sarfu da balaga da aruli da tarihin adabi, a kuma nemi ya rubuta kundin bincike da Larabci. Don gyaran harshe ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Larabci a Ngala ta Jihar Borno a 1992, wanda rikicin Boko Haram ya tilasta mayar da ayyukansa Maiduguri. Babbar ribar wannan tsari ita ce ɗalibi yakan koyi tambaya: wa ya rubuta littafin, a wane zamani, daga ina ya ɗebo? Illarsa kuwa ita ce tsakure. Ana iya cin jarrabawar nahawu da takardun da malami ya raba, ba tare da an taɓa sauke Alfiyya ba.

4.0 Rabon Farisa

Irin wannan tambaya ita ce takan kai ɗalibi ga gane rabon mutanen Farisa a cikin littattafan da ya saba da su. Sibawaihi, mai littafin da ya zama tushen nahawu, Bafarishe ne. Haka ma Fairuzabadi mai Ƙamus, wanda ya rasu a 1415. Ibn Muƙaffa ya juyo Kalila wa Dimna ne daga tsohon Farisanci a ƙarni na 8, kuma ƙashin bayan Alfu Laila daga wani littafin Farisa ya fito. Daga irin waɗannan maɓuɓɓugai Alhaji Abubakar Imam ya ɗebo wasu labaran Magana Jari Ce a 1937. Wannan dangantaka ce ta sa jami'o'in Ingila irin su Oksfod da Kambrij sukan ba ɗalibi damar haɗa Larabci da Farisanci a digiri ɗaya. Lalle ya kamata a ce ɗalibinmu ya sami ko da darasi guda a kan tarihin adabin Farisa.

5.0 Kammalawa

Abin da ke cikin haɗari shi ne gadon rubuce-rubucenmu. Akwai ɗimbin littattafan hannu a Gidan Ɗanhausa da Gidan Arewa na Kaduna, da kuma gidajen malamai a cikin birni, waɗanda gara da damshi ke ci. Tahƙiƙinsu yana bukatar mutum mai idon zaure, wanda ya saba da rubutun warash da salon fuƙaha'u, mai kuma horon jami'a na gwada kwafi da kwafi da tantance zamani. Misali, wanda bai karanci fiƙihun Malikiyya a gaban malami ba zai sha wuya da Liya'ul Hukkami, wanda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa mutanen Kano.

Saboda haka muke ba da shawara biyu. Ta farko, sassan Larabci su wajabta wa kowane ɗalibi sauke matani guda cikakke kafin ya kammala, su kuma riƙa gayyato malaman zaure don karantar da shi. Ta biyu, iyaye da malamai a cikin birni su ƙarfafa wa ɗalibi gwiwa kada ya yanke zuwa zaure don ya sami gurbi a jami'a, domin darasin bayan Asuba ba ya hana laccar hantsi. Allah ya sa mu dace, amin.