Baƙar Rigar Rawa Da Abin Da Ke Bayanta

A shekarar 2010 aka fito da wani fim a Amurka mai suna Black Swan, wanda ya sa masu zanen tufafi a Turai da Amurka suka rungumi baƙin yadi mai shara-shara da gashin tsuntsu. Wasu 'yan'uwa mata biyu, Kate da Laura Mulleavy, masu kamfanin Rodarte, su suka zana wasu daga cikin rigunan rawar da ke cikinsa. Irin waɗannan hotuna ne 'yan matanmu kan gani a waya su kai wa tela, shi ya sa na ga ya kamata iyaye su san asalin abin.

Bale wata rawa ce ta Turawa wadda ake ba da labari da ita ba tare da magana ba, matan kuma kan tsaya a kan 'yan yatsun ƙafa. Fim ɗin ya jingina ne ga rawar Swan Lake, wadda Tchaikovsky ya tsara wa kiɗa, aka fara nuna ta a Mosko a 1877. A ciki akwai Odette, wadda matsafi ya mayar tsuntsuwar ruwa, da Odile, 'yar matsafin, wadda ta ɗauki kamanninta don ta yaudari ɗan sarki. Mace ɗaya ce kan taka su duka biyu, da farar riga sannan da baƙa. Baƙar ce ta ɗauke hankalin masu zane.

Ban ce baƙin yadi zunubi ba ne. Abin da ya dame ni shi ne, duhun da ake sayarwa a matsayin ado wahalar mutane ce ta gaske. Masu wannan rawa na fama da zubar farce da tsagewar ƙashi, da yawa kuma na hana kansu abinci don kada jiki ya yi nauyi. Ita kanta Natalie Portman sai da ta rage wajen kilo 9 kafin ta fito a fim ɗin, aka kuma ba ta kyautar Oscar a 2011.

Tun can baya ma rigar ta ci rai. A zamanin da ake haska dandali da fitilun gas, an kafa doka a Faransa a 1859 cewa a riƙa tsoma kayan 'yan wasa cikin maganin hana kama wuta. To amma maganin kan sa yadi ya ƙage ya dushe. Wata yarinya gwanar rawa a birnin Faris, Emma Livry, ta ƙi, har ta sa hannu a takarda cewa ta ɗauki alhakin abin da zai biyo baya. Ranar 15 ga Nuwamba 1862, ana cikin gwaji, siket ɗinta ya taɓa fitila ya kama. Ta yi wata takwas tana jinyar ƙuna, ta rasu a watan Yuli 1863 tana da shekara 20. Guntun rigar da wuta ta bari yana nan ajiye a ɗakin tarihi na gidan wasan Opera na Faris.