Kada A Yi Saurin Yar Da Tsohuwar Rikoda

A hutun da ya wuce na tarar Baba ya fito da tsohuwar rikodarsa tsakar gida, yana jiran 'yan gwangwan su zo ya sayar musu. Ya ce ta mutu, domin sifika ɗaya ta yi shiru, ɗayar kuma sai ƙara. Abin da ya dame ni shi ne kwalin kaset da ke kusa da ita. Ban da waƙoƙin marigayi Mamman Shata, akwai kaset guda mai muryar kakata, wadda ta rasu tun ina firamare. In rikodar ta tafi, da me za mu saurare ta? Na roƙi Baba ya ba ni kwana biyu in gwada abin da malaminmu na kimiyya ya koya mana. Shi ne nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Da farko ya kamata mu sani cewa sauti a cikin waɗannan na'urori wata 'yar ƙaramar wutar lantarki ce. Takan taso daga kaset ko allurar garmaho, ta bi waya zuwa amfilifaya inda ake ƙara mata ƙarfi, sa'an nan ta isa sifika. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu a wannan hanya, nan aka fi samun matsala. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a 1963, ita kuwa rikodar da aka saya wajen 1980 ta haura shekara 40. A tsawon wannan lokaci laimar damina ta sa ƙarfe tsatsa, ƙurar hunturu kuma ta cika ramuka. Tsatsa da ƙura kuwa ba sa barin wuta ta wuce sosai.

To, mataki na farko shi ne a kasa kunne, gama kowace cuta da irin kukanta. In sauti yana yankewa idan an motsa waya, to, wayar ta karye daga ciki, galibi dab da filogi inda ta fi shan lanƙwasa. In ana jin ƙarar karce sa'ad da ake murɗa abin ƙara murya, datti ne ya shiga cikinsa. In kuwa wani gurnani ake ji wanda ba ya tsayawa, sau da yawa ragar ƙarfen da ke kewaye da wayar sauti ce ta tsinke. Aikin ragar shi ne tsare sauti daga wutar gida, wadda ke kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya a ƙasarmu.

Mataki na biyu shi ne musaya, amma abu ɗaya a lokaci ɗaya. Wayar da ke haɗa garmaho da amfilifaya tana da filogi biyu, ja na dama, fari na hagu. A musanya su a bayan amfilifaya. In shirun ya koma ɗaya sifikar, laifin yana ga wayar ko garmahon. In bai motsa ba, sai a nemi laifin daga amfilifaya zuwa sifika. Haka ake bin tsofaffin kayan kiɗa na lantarki, irin su Minimoog da aka fito da shi a Amurka a 1970. Masu amfani da wayar MIDI, wadda ta fito a 1983 mai tsinke biyar a filoginta, su lura cewa daga ramin fita ake jawo ta zuwa ramin shiga. In an haɗa fita da fita, ba abin da za a ji.

Mataki na uku shi ne tsabta. A cire na'ura daga wuta, a jiƙa auduga da ɗan sifirit, a goge bakin kowane filogi, a bari ya bushe. Kada a sa ruwa ko man gyaɗa. Kuma ina gargaɗin 'yan'uwana kada su buɗe cikin amfilifaya. Wutar gida bolt 230 ce, kuma akwai abin da ake kira kafasita, wanda kan riƙe wuta ko bayan an cire filogi. In dalmar da aka liƙe waya da ita ce ta tsage a ciki, wannan aikin mai gyaran rediyo ne.

Ga yadda tamu ta kasance. Na musanya wayoyin sifikun biyu, sai mai shirun ta yi magana, ɗayar ta yi shiru. Ashe sifikun lafiyarsu lau. Sai na tuna da ramin abin ji na kunne. A cikinsa akwai 'yan ƙarafa da ke yanke wa sifika sauti idan an sa filogi, su mayar idan an cire. Na shafa wa filogin sifirit, na sa na cire kamar sau ashirin, sa'an nan na kunna. Nan take muryar kakata ta fito ta sifika biyu, tana sa mana albarka. Baba ya daɗe bai ce kome ba, daga baya ya ɗauki rikodar da kansa ya mai da ita ɗaki.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, kafin a kira 'yan gwangwan, a bari mu duba waya da filogi tukuna. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.