Ruwan da Ya Ji Juyin Duniya

A shekarar 1962 wani farfesan injiniya a jami'ar MIT ta Amurka, Ascher Shapiro, ya ɗaura aniyar raba wata tsohuwar gardama: shin juyin duniya ne ke zaɓa wa ruwan baho inda zai kewaya idan yana zurarewa ta rami?

Tun 1835 wani Bafaranshe mai suna Coriolis ya bayyana da lissafi ƙarfin da juyin duniya ke haifarwa. Wannan ƙarfi ne ke sa manyan guguwoyin teku na arewacin duniya su juya saɓanin hannun agogo, na kudu kuma su bi hannun agogo. Amma a cikin baho bai taka kara ya karya ba. Hucin iska, ɗan bambancin zafi, ko hargitsin da ya rage tun lokacin zubawa, kowanne ya isa ya danne shi. Ruwa ba ya saurin mantuwa. Ko ya yi tsit a ido, cikinsa na nan yana motsi.

Shapiro ya tanadi tanki mai faɗin kusan mita 2, zurfin santimita 15, da ɗan rami a tsakiya. Da gangan ya zuba ruwan yana bin hannun agogo, akasin abin da ake tsammani a arewacin duniya, don kada a ce ya yi coge. Ya rufe da leda, ya ƙyale shi har sa'a 24. Sannan ya buɗe ramin daga ƙasa, da ɗan sillen itace yana yawo a saman ruwan.

Sama da minti 12 shiru kake ji. Can sai itacen ya soma juyawa a hankali, saɓanin hannun agogo, yana ƙara sauri har ruwan ya ƙare. Dalili kuwa, ruwan gefe na matsowa tsakiya, ɗan juyin da ya samu daga duniya yana ta ƙaruwa.

A 1965 Lloyd Trefethen da abokan aikinsa suka maimaita gwajin a Sidni ta Ostareliya, a kudancin duniya. Nasu ruwan ya bi hannun agogo.

Saboda haka masu nuna wa baƙi wannan abu da ƙaramin kwano a Nanyuki ta Kenya, taku kaɗan daga layin Ikwaita, siddabaru kawai suke yi. A kan layin ƙarfin Coriolis ba ya juya ruwa ko kaɗan. Yadda suka zuba ne ke juya shi.