Ma'aunin Numfashi da Huhun Mai Shan Sigari

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar mota ta Unguwa Uku a lokacin hunturu, ya san irin iskar da direbobi da 'yan kamasho da masu shayi suke shaƙa: ga hazo, ga hayaƙin motoci, ga kuma na sigari a hannun wasu. Tarin da ake ji a wurin da safe, galibi akan ɗora shi a kan mura. Amma ga mutumin da ya shekara 20 yana busa sigari, tarin asuba mai majina yana iya zama alamar farko ta cutar toshewar hanyoyin numfashi, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da COPD. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ta kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021.

Hayaƙi yakan kumbura ƙananan bututun da ke cikin huhu, su ƙuntace, su cika da majina. Sannan yana rusa bangon 'yan mitsi-mitsin jakunkunan da iska ke ratsawa ta shiga jini, har huhu ya saki kamar tsohuwar roba. Iska tana shiga, amma fitarta sai da ƙyar. Da yake huhu yana da rarar ƙarfi mai yawa, ɓarnar takan yi shekaru tana ci mai ita bai sani ba. Tafiyar da ya saba yi a ƙasa sai ya koma yin ta a Adaidaita Sahu, ya ce tsufa ne.

Na'urar da ke tona asirin cutar ita ce ma'aunin numfashi, wato sifiromita, wadda wani likita ɗan Ingila, John Hutchinson, ya bayyana a 1846. Akan matse wa mutum hanci, ya cika ƙirjinsa, sa'an nan ya hura cikin bututu da iyakar ƙarfinsa har iska ta ƙare. Na'urar ta auna abu biyu: iskar da ta fita a daƙiƙar farko, da jimillar wadda ta fita. Sai a raba ta farko da ta biyu. Alal misali, wanda ya fitar da lita 4, amma lita 2.4 kaɗai ta fita a daƙiƙar farko, ya sami kashi 60 cikin 100. Idan sakamakon ya kasa kashi 70 ko bayan an shaƙa maganin buɗe ƙirji, to akwai toshewa. Hoton ƙirji kaɗai ba ya tabbatar da wannan.

To, wa ya kamata a auna? Hankali zai ce kowane mashayi. Sai dai kwamitin masana rigakafi na Amurka ya sake bayyanawa a 2022 cewa babu shaidar amfani a auna wanda ba ya da wata alama. Saboda haka waɗanda ake nema su ne masu kimanin shekara 40 zuwa sama da suka daɗe cikin hayaƙi, kuma suna tari ko haki. A ƙasar Hausa wannan ya haɗa da matan da suka tsufa a gaban murhun itace, ba su taɓa riƙe karan sigari ba. Likitocin ƙirji kuwa ana samunsu a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi. Tarin da ya wuce mako 2 yana buƙatar gwajin majina tukuna, domin kada tarin fuka ne.

Amfanin gano cutar da wuri ya fito a binciken da Charles Fletcher da Richard Peto suka wallafa a 1977, bayan sun bi ma'aikata maza a Landan har shekara 8. Sun ga cewa ƙarfin huhun da ya salwanta ba ya dawowa, amma wanda ya daina sigari, saurin raguwar yakan lafa, ya kusanci na wanda bai taɓa sha ba. Magungunan shaƙa suna sassauta haki, ba sa gyara jakunkunan da suka rushe.